Hadarin Gabas da Haukan Teku

Sa'ad da nake ɗalibi kamarku, an tura ni gwajin koyarwa wata makarantar firamare da ke gindin duwatsun Kagoro. Ran nan cikin watan Agusta ina koya wa 'yan aji shida labarin ƙasa, na zana taswirar Nijeriya a allo, na ja kibiya daga teku zuwa arewa, na ce musu iskar da ke kawo mana ruwan damina daga kudu maso yamma take busowa. Haka yake a littafi, haka kuma aka koya mini. Sai wani ɗan ƙanƙanen yaro da ke zaune can baya ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, to don me kullum hadari daga gabas yake taso mana?" Na waiwaya ta taga, ga hadari kuwa ya haɗu baƙi ƙirin a kan dutse, gabas sak. Amsa ta ɓace mini. Maimakon in ce masa zan bincika, sai na daka masa tsawa, na ce ya rubuta abin da ke allo. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Da na bi sawun tambayar yaron nan daga baya, sai ta kai ni inda ban zata ba, watau tsakiyar teku, wurin da manyan jiragen ruwa ke fama da guguwa. Dalili ke nan da ya sa na zaɓi in yi muku bayanin haukan teku a wannan fitowa, ko da yake tsakaninmu da Fatakwal ta hanyar dogo ya ɗara kilomita 700, galibinmu kuma babban ruwan da muka taɓa gani bai wuce na Matsirga ba.

Littafi dai bai yi ƙarya ba, yaron ma haka. Da damina iska hawa biyu ce a kanmu. Ta ƙasa, wadda muke ji a jiki, ita ce mai fitowa daga teku ɗauke da laima, amma ba ta da kauri, ba ta cika wuce kilomita 1 ko 2 sama ba. Bisa gare ta, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma. Abin da ke haifar da ita shi ne bambancin zafi tsakanin hamadar Sahara, wadda ke ƙuna kamar tanda a watannin nan, da ƙasashen kurmi na bakin teku masu sanyi-sanyi. To, gajimaren hadari dogo ne ƙwarai, gindinsa yana ƙasa, kansa kuwa yana iya kai kilomita 12 ko fiye. Laimar da ya sha daga kudu ta zo, amma iskar gabas ce ke tura shi. Wanda ya kwanta rigingine da la'asar ya lura da kyau, wata rana zai ga ƙananan gizagizai na ƙasa sun nufi arewa maso gabas, na samansu kuwa sun nufi yamma.

Iskar nan ta sama ba ta tafiya miƙe kamar layin dogo. Tafiyar maciji take yi, ta lanƙwasa arewa, ta lanƙwasa kudu, kowane lanƙwasa kuma yakan tara hadari a jikinsa ya tafi da shi yamma. Sunan da masana yanayi suka ba su, in an juya shi da Hausa, shi ne raƙuman gabas, irin raƙuman ruwa nake nufi, ba na Buzaye ba. Sukan faro can wajen tsaunukan Habasha da Darfur, su ratso Cadi, su bi ta kanmu da Nijar, su wuce Mali, kana su faɗa teku ta Senegal da Gini. Kwana 3 zuwa 5 ne tsakanin ɗaya da mai bi masa, a shekara kuma akan sami kamar 60. Manomanmu sun san wannan tun ba a kawo littafi ba: ruwa ya yi kwana biyu yana zuba, ya ɗauke a sami sararin shiga gona, sa'an nan ya komo. Daga Kafancan zuwa Dakar kilomita 2,800 ne ko kusa da haka, raƙumin kuwa yakan ci 600 zuwa 700 a kwana guda. Ke nan wanda ya ratsa mu ran Litinin zai isa ruwan gishiri wajen Juma'a.

Galibinsu in sun shiga teku sai su watse, ba a ƙara jin labarinsu. Amma wanda ya tarar da ruwa ya ɗumama har ya kai digiri 26 ko 27, to, ya sami abinci. Tururi yana tashi daga teku, in ya hau sama ya zama gajimare sai ya saki zafin da ya ɗauko, zafin nan ya ƙara ɗaga iska. Wurin da iskar ta bari ya zama kamar fanko, sai ta ko'ina iska ta rugo don ta cike gurbi, tana zuwa da sabon tururi. Juyawar duniya kuwa ba ta barinta ta shiga tsakiya kai tsaye, sai ta karkatar da ita, ta shiga kewaye kamar ruwa a bakin mazurari. A arewacin ikwaita saɓanin hannun agogo take juyawa. In gudunta ya kai kilomita 63 a awa sai a raɗa mata suna, in ya kai 119 ta zama abin da Turawa ke kira harikan. A tsakiyarta akwai fili mai faɗin kilomita 30 zuwa 60 da ake kira ido, inda iska ke kwantawa, har a ga taurari da dare. Matuƙan jirgi ba su murna da shi, gama raƙuman ruwa daga kowace fuska a nan suke karo da juna, bayan ɗan lokaci kuma iskar za ta komo daga ɗaya gefen da ƙarfinta na fari.

Wani zai tambaya, me ya hana irin wannan guguwa ta auka wa Ikko ko Fatakwal? Karkatarwar nan ta juyawar duniya ba ta da ƙarfi kusa da ikwaita, saboda haka da wuya guguwa ta ƙullu ƙasa da digiri 5 daga gare shi. Fatakwal ba ta cika digiri 5 ba, Ikko tana kan 6 da rabi, tekun da ke kudu da su kuwa duk cikin wannan ɗamara yake. Ga shi kuma iska yamma take kora su. Mu dai renonsu muke yi, waɗansu ke shan wahalarsu.

Masu lissafi sun gano cewa cikin guguwa 10 da ake raɗa wa suna a Tekun Atlantika, wajen 6 daga raƙuman nan na Afirka suke fitowa, cikin mafiya muni kuwa fiye da 8 cikin 10. Ku ɗauki wadda aka kira Irma. Ran 27 ga Agusta 2017 ta bar gaɓar Afirka ta Yamma tana hadari kamar kowane hadari. Ran 30 aka ba ta suna kusa da tsibiran Kef Bad. Ran 6 ga Satumba ta dira kan tsibirin Barbuda tana gudun kilomita 285 a awa, kusan ba ta bar gida guda lafiya ba. Kakar guguwa a wannan teku daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, tsananinta kuwa wajen 10 ga Satumba, daidai lokacin da ruwa ya ishe mu a nan. Abin da ke rage musu kaifi ma daga wajenmu yake zuwa, watau busasshiyar iska mai ƙura daga Sahara, wadda in ta shiga cikin guguwa sai ta shaƙe ta. Ƙurar nan tana nisa cikin teku. Charles Darwin ya tarar da ita tana sauka kan jirginsu kusa da Kef Bad a 1832, har ya ɗebi kaɗan ya ajiye.

Yanzu sai mu duba ruwan kansa, domin mai tafiya a jirgi raƙuman ruwa ne ke ba shi wuya fiye da iska. Iska ce ke tayar da su, girmansu kuma ya rataya ga ƙarfinta, da daɗewar da ta yi tana busawa, da tsawon filin ruwan da ta samu ba abin da ya tare ta. Ku cika daro da ruwa a gaban aji, ku sa yaro ya hura daga baki guda, za a ga ruwan da ke kusa da bakinsa lumui, na ɗaya gefen ne ke tsalle. Wani abin da yara ke wuyar yarda da shi kuma shi ne, ruwan ba ya tafiya tare da raƙumin. In iska ta bi ta kan gonar acca za ka ga abu kamar igiya yana gudu daga wannan iyaka zuwa waccan, alhali ko tsiro guda bai bar wurinsa ba. Haka teku yake, motsin ne ke tafiya, ruwan kuwa sama da ƙasa yake yi.

Saboda motsi ne kawai, yana iya tafiyar dubban kilomita bayan iskar da ta haife shi ta mutu. Manyan raƙuman da ke dukan gaɓar Ikko da Ankara, musamman daga Yuni zuwa Satumba, a can kudancin Atlantika ake tayar da su, inda ake tsakiyar sanyi a watannin nan. Wannan ne ya sa jirgi kan yi ta tangaɗi rana tsaka, sama garau, ba ko gajimare. Kafin a gina tashar Takoradi a 1928 da ta Tema a 1962, jirgi yakan tsaya nesa da gaɓa, a ɗora fasinja cikin wata kujerar katako a sauko da shi da igiya cikin kwalekwale, masu tuƙi su jira raƙumi su hau bayansa zuwa tudu. Komai girman mutum, ran da teku ya ƙi, a jiƙe yake isa.

Wani hafsan sojan ruwan Ingila, Francis Beaufort, ya shirya ma'aunin ƙarfin iska a 1805, daga 0 zuwa 12, har yau kuma ana aiki da shi. Daɗinsa ga malamin ƙauye shi ne ba ya bukatar na'ura, gama daga baya an haɗa shi da alamun tudu. In manyan rassa suna kaɗawa, laima tana neman ƙwacewa daga hannu, 6 ke nan. In ƙananan rassa suna karyewa, tafiya tana wuya, 8. In itatuwa suna tumɓukewa, 10. Iskar da ke gaba da hadarin Afrilu, wadda ke yaye kwanon ajujuwa, takan kai 8 ko 9 na 'yan mintoci, sai ta wuce. A teku irinta tana iya kwana biyu ba ta huta ba. Shekaru da yawa matuƙa suna ba da labarin wani raƙumi guda da kan taso ya ninka 'yan'uwansa, masana suna ɗauka ƙarin gishiri ne irin na matafiya. Sai ran 1 ga Janairu 1995 na'ura ta auna ɗaya a wani dandalin bututun gas mai suna Draupner a Tekun Arewa, tsayinsa ya ɗara mita 25, watau tsayin giginya babba. Daga ranar aka daina yi wa matuƙa dariya.

Kada fa a ɗauka kakar guguwa ɗaya ce a duniya, kowane teku da tasa. A da, kafin jirgin sama ya ƙwace fasinja, ɗalibanmu da ma'aikata masu zuwa kwas Ingila jiragen kamfanin Elder Dempster suke shiga a Apapa. Mafi shahara shi ne Aureol, fari mai rawayan bututu, wanda ya fara aiki a 1951 ya daina a 1974. Tafiyar mako biyu ce, a tsaya a Gana da Saliyo da Las Palmas, kana a nufi Libaful. Kwanakin farko daɗi ne, teku a kwance, kifaye masu fiffike suna tsalle. Wurin da kowa ke tsoro shi ne mashigin Biske, tsakanin Faransa da Sifen, kwana biyu ko uku kafin isa. Bakinsa a buɗe yake ga Atlantika, ƙasan teku kuma a nan ya tashi farat ɗaya daga zurfin fiye da mita 4,000 zuwa ƙasa da 200, sai raƙuman da suka taho daga nesa su taƙure su miƙe tsaye. Lokacin haukansa daga Nuwamba ne zuwa Maris, sa'ad da muke hunturu a nan. Bai kuwa tuba ba. A Nuwamba 2023 wani jirgin yawon buɗe ido mai suna Spirit of Discovery, yana komowa Ingila daga tsibiran Kanari, kusan hanyar Aureol sak, ya gamu da guguwa a nan, mutum wajen 100 suka ji rauni.

Amma mutanen ƙasar nan tamu da suka fi kowa sanin teku ba 'yan boko ba ne. Sojojin Yaƙin Duniya na Biyu ne, kakana na wajen uwa kuwa yana cikinsu. Daga ƙauyensu kusa da Zonkwa ya shiga soja, bai taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin iyo ba. A 1943 aka kwashe Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma daga Ikko zuwa Indiya, don yaƙin Bama. Ta kudu suka bi, suka kewaye ƙarshen Afirka, tafiyar wajen mako shida kafin su sauka Bombai, garin da yanzu ake kira Mumbai. Ina yaro yakan ba mu labari da dare. Abin mamaki, ba ya cika daɗewa kan dajin Bama da harsashin Japanawa ba, kullum sai ya komo kan jirgi. Yakan ce an cusa su can ƙasa, kowa da ragarsa ta kwana a rataye, da dare a rufe kowace kafa kada haske ya fita jiragen Jamus masu nutso su gani. Ya ce akwai kwanakin da kwanon abinci ke gudu daga gaban mutum, ƙarfen jirgi yana kuka kamar ana yanka sa, ƙarti majiya ƙarfi sun zube suna amai, mai salla yana yi a zaune, mai addu'a yana riƙe da ginshiƙi, ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa addininsa.

Sai da na girma na buɗe taswira na gane abin da ya same su. Rukunin farko na rundunar a watan Agusta suka isa Indiya, ke nan sun kewaya ƙarshen Afirka tsakiyar sanyin can. Kudu da wurin, tsakanin digiri 40 da 50, iskar yamma tana kewaya duniya kusan ba ƙasar da ta tare ta, don haka raƙumanta ba su da na biyu. A gabashin Afirka ta Kudu kuma akwai wani kogi cikin teku, ana kiransa Agulhas, yana gangarowa kudu maso yamma da sauri. In raƙuman kudu suka yi gaba da gaba da shi sai su tashi kamar bango. A nan jirgin Waratah ya ɓace a Yuli 1909 da mutum 211, tsakanin Durban da Kef Tawun, har yau ba a ga ko allonsa ba. A nan kuma jirgin yawo Oceanos ya nutse ran 4 ga Agusta 1991, amma Allah ya kiyaye aka ceci dukan mutum 571 da ke ciki. Da sojojinmu suka tsira daga wannan, sai suka shiga tekun da ke yamma da Indiya daidai lokacin iskar damina ta can, wadda ke busawa daga Yuni zuwa Satumba, wadda tun zamanin da jiragen Larabawa masu filafilai ke fakewa a tasha har ta yi sauƙi. Sau biyu ke nan a tafiya guda suka faɗa teku a mugun lokacinsa. Yaƙi ba ya jiran kaka.

Amai da jirin da suka kayar da su ba ragwanci ba ne. Can cikin kunne akwai waɗansu 'yan bututu masu ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko mutum a tsaye yake ko a karkace. Wanda ke cikin ɗakin jirgi, idonsa yana ce masa bango da gado ba su motsa ba, kunnensa kuwa yana cewa ana wujijjiga shi. Gardamar nan ce ke tayar da zuciya. Duk wanda ya taɓa karatu a bayan mota kan hanya mai kwana-kwana ya ɗanɗani kaɗan. Maganinsa na farko shi ne a fito sarari a kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa, don ido da kunne su shirya, a kuma nemi tsakiyar jirgi, inda tangaɗi ya fi sauƙi. Yawancin mutane bayan kwana 2 ko 3 jikinsu yakan saba. Akwai ƙwayoyin asibiti, akwai kuma abin da muke nomawa a Kaciya da Kwoi da nan Kafancan, watau citta. A 1988 likitoci a Denmark sun gwada garinta a kan kuratan sojan ruwa 80 cikin teku mai hauka, suka ga ta rage amai. Da kakana ya sani, da ya cika aljihu kafin ya bar gida.

A yau masu doguwar tafiya a jirgin ruwa galibi don nishaɗi suke yi, su biya kuɗi su yi mako ɗaya ko wata uku ana yawo da su daga tasha zuwa tasha. Jiragen kuwa garuruwa ne. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, tsawonsa mita 365, ya ninka Aureol biyu har da ƙari, yana iya ɗaukar fasinja 7,600. Ba su daina tafiya a kakar guguwa, kuɗin kujera ma a lokacin yake sauka. Abin da ya ba su wannan ƙarfin hali shi ne gani daga nesa. Tun 1960 da aka harba tauraron ɗan adam na farko mai ɗaukar hoton gizagizai, guguwa ta daina zuwa wa jirgi ba sallama, ana bin ta tun tana kan Afirka. Ko da iskar cikinta tana gudun 200, ita kanta guguwar a ƙasashen zafi ba ta cika wuce kilomita 15 zuwa 25 a awa ba, jirgi kuwa yana yin 40. Saboda haka kauce mata ake yi, a sake hanya, a tsallake tasha. Akwai kuma waɗansu fikafikai da ke fitowa daga cikin jirgi a ƙarƙashin ruwa, suna rage tangaɗin hagu da dama ƙwarai, amma ba su iya kome game da dungurawar gaba da baya. Fasinja sukan yi gunaguni in an hana su ganin tsibirin da suka biya don shi. Ni a ganina keftin ɗin da ya jure zaginsu ya juya akalar jirgi ya ci albashinsa halal.

Gama girma da na'ura ba su sa teku ya zama tafki ba. Ran 23 ga Maris 2019 jirgin yawo Viking Sky, da mutum 1,373, ya shiga guguwa a gaɓar Norwe. Man da ke tsantsantar da injuna bai cika tankunansa ba, tangaɗi ya sa famfo ya zuƙi iska, injuna duka suka mutu, raƙuman ruwa suka kora shi har saura ƙiris ya bugi duwatsu. Mutum 479 aka kwashe da jirage masu saukar ungulu, ɗaya bayan ɗaya a kan igiya. Jirgin kaya El Faro bai sami wannan sa'a ba. Ran 1 ga Oktoba 2015 ya kutsa kusa da idon guguwar Joaquin a wajen tsibiran Bahamas, bincike kuma ya nuna labarin yanayin da keftin ya dogara da shi ya tsufa da awoyi. Duk mutum 33 da ke ciki sun halaka.

Wanda ya fi tsaya mini a rai dai namu ne na Afirka ta Yamma. Ran 26 ga Satumba 2002 jirgin Joola ya tashi daga Ziganshor a kudancin Senegal zai tafi Dakar. Don mutum 580 aka ƙera shi, ya ɗauki wajen 2,000, da yawansu ɗalibai ne masu komawa makaranta bayan hutu. Wajen ƙarfe 11 na dare, daura da Gambiya, hadarin damina ya taso musu da iska da ruwa, irin wanda muke gani yana gangarowa daga Kagoro, bai ko kai a ba shi suna ba. Cikin 'yan mintoci jirgin ya kife. Masunta ne a kwalekwale suka fara kai ɗauki. Mutum 64 suka tsira, gwamnati ta ƙidaya matattu 1,863, sun fi na Titanic da ya nutse a 1912 yawa, amma ku tambayi ajinku wanne suka taɓa ji. Nauyin da aka tara a saman jirgi ne ya ba iska abin turewa. In kun zo koyar da wannan, ku haɗa shi da kwalekwalen kasuwa na Kwara da Binuwai, waɗanda kusan kowace damina muke jin sun kife da mutane don lodi ya yi yawa. Cikin yaran da ke gabanku akwai waɗanda za su shiga irinsu wata rana.

Ga abin da nake sa ɗalibaina su yi in za su gwajin koyarwa da damina. A rataye kalanda a aji. Kowace rana yaro guda ya rubuta ko an yi hadari, daga wace fuska ya taso, lamba nawa kuma iskarsa ta kai a ma'aunin Beaufort. Bayan wata guda a ƙirga kwanakin da ke tsakanin manyan ruwaye. Mai waya a hannu ya buɗe taswirar da cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miami take fitarwa kyauta kowace rana a kakar guguwa, ya nuna wa yara alamar da sukan sa daura da Senegal in sabon raƙumi ya shiga teku, su ƙirga baya kwana 4 ko 5 a kalandarsu su ga me suka rubuta. Wani lokaci zai dace, wani lokaci ba zai dace ba, kada kuwa a tilasta shi. A kuma gaya musu cewa cikin raƙuma 60 ɗin nan kaɗan ne ke girma, gama a shekara matsakaiciya guguwa 14 ake raɗa wa suna a Atlantika, 7 su zama harikan, 3 su yi muni. In hedimasta ya ba ku zaɓin ɗaki, ku roƙi mai taga ta gabas.